Ruwan Tsohuwa

Asabar, 3 ga Azumi, bayan la'asar

Yau ma ta yi mini. Kuma a wurin nan dai, Kwanar Marke.

Tun daga tashar Sabon Birni Tsohuwa take gudu lafiya lau, muna tsakiyar ayari, motoci a gaba, motoci a baya. Ina hango marken nan sai ta fara: tuf, tuf-tuf, ta ja ta saki, ta ja ta saki, sitiyari na rawa a hannuna. Na taka totur har ƙasa, sai tari take yi. Wata mata a baya ta fasa salati. Wani dattijo ya dafa kafaɗata yana cewa, "Direba, don Allah ba nan ba, ba nan ba." Ni na ce mata nan? Da giya biyu na lallaɓa ta har Isa, ni ne na ƙarshe a ayari, rigata sharkaf.

Motar Yaya Kassimu ce, shi ne ya raɗa mata suna Tsohuwa. A kwanar nan anka tsince ta ana saura kwanaki kaɗan azumi: ƙofa a buɗe, bonet a ɗage, gorar ruwa a ƙasa, takalminshi ƙafa guda. Shi babu. Ba za ni rubuta fiye da haka ba.

Ni malamin Islamiyya ne, tuƙi don sha'awa na koya wurinshi. Amma gidan nan sai ya ci, ga Inno mahaifiyarmu, ga matarshi Saude da yara, shi ya sa nake ɗaukar fasinja zuwa Isa. Kuma Kawu Usaini, ƙanen Inno, wanda wayar da ake kira take hannunshi, ya faɗa mini gaskiya: ranar da mutanen dajin da ke riƙe da Yaya sunka ce a zo a ɗauke shi, babu direban da zai yarda ya tafi. Ni ne, da wagga mota. To in ta mutu mini a hanya ranar nan fa?

Lahadi, 4 ga Azumi, da hantsi

Ana idar da sallar asuba na kai ta garejin Bawa, ƙarƙashin dogonyaro. Ya tayar da ita, ya sa kunne, ya ja totur, ya zagaya da ita har bakin kasuwa ya dawo. Ko tari guda ba ta yi ba, munafuka.

Ya ce, "Malam Hafizu, motar ga lahiya lau take."

Na ce jiya ta kusa kashe ni da fasinja.

Ya ce, "To ni dai abin da kunnena ya jiya nike gyarawa."

Don ya rabu da ni ya canja fulogi, ya busa nozul, ya wanke matatar mai. Yana yi yana yi mini wani irin kallo daga gefen ido. Ban so kallon nan ba.

Litinin, 5 ga Azumi, bayan shan ruwa

Ba kira.

Talata, 6 ga Azumi, bayan la'asar

Sabon fulogi, tsohon hali. Kwanar Marke, tuf-tuf-tuf.

Yanzu na gane ma'anar kallon Bawa. A tashar Isa ina jin 'yan kamasho suna cewa ba mota ce ke tari ba, ƙafar malam ce ke rawa bisa totur in ya ga inda anka ɗauki wanshi. Guda cikinsu har kwaikwayona ya yi, yana karkarwa da ƙafa, sunka bushe da dariya. Wallahi ba don bakina da azumi ba! Na ce da shi, zo ka karɓi makulli ka bi da ita ta wurin. Sai ya ce shi lodi yake yi, ba tuƙi ba. Matsoraci ɗan banza.

Ina jin tsoro, eh, ƙarya za ni yi in na ce ba ni ji. Kowa a ayarin nan yana jin tsoro, har masu yi mana rakiya da bindiga. Amma ƙafata ba ta rawa. Na duba ta yau da idona.

Inno ta tarbe ni a bakin ɗakinta. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba tun da ta haife shi, ɗan fari ne, kuma ko yanzu ba ta tambayar labarinshi. Motar take tambaya. "Ta warke?" Na ce da saura, Inno. Ta koma ciki.

Alhamis, 8 ga Azumi, bayan azahar

Kawu Usaini ya zo da kwano cike da rubutu, ya yayyafa wa mota tun daga fitila har salansa. Shi a wurinshi maganar ta ƙare tun ranar da anka jawo ta gida. A ranar, da ya leƙa cikin injin, ya ga wani tsumma naɗe a jikin wani baƙin abu mai kama da gwangwani, an yi mishi ƙulli bisa ƙulli, ya yi dauɗa. Kawu ya ja da baya yana a'uziyya, ya ce ga abin da anka yi wa yaron nan, asiri ne. Da sanda ya zare shi, ya kai bayan gida ya ƙona, ya ce kada wanda ya faɗa wa mata don kada hankalinsu ya ƙara tashi.

Yau cewa ya yi saura ne bai fita ba, shi ya sa take jin wurin in ta iso. Na ce Kawu, ƙarfe ne fa. Ya ce, "Kai da ka yi karatu ka fi kowa sanin akwai abin da ido bai gani." Na ƙyale shi, kawuna ne. Wancan ya ce tsoro, wannan ya ce asiri, ni kuma nake zaune a bayan sitiyari.

Juma'a, 9 ga Azumi, da yamma

An kira. Kawu ya ji muryarshi, ya ce a dishe take. Sun ce a jira.

A jira. Kamar muna da wani aiki ban da shi.

Asabar, 10 ga Azumi, bayan la'asar

Ikon Allah! Yau ta wuce Kwanar Marke kamar ba ta san wurin ba.

Tun safe hadari ya haɗo daga gabas, bai zubar da ko ɗigo ba, amma ya rufe rana, iska mai sanyi tana kaɗawa har fasinja na ɗaga gilashi. Na riƙe numfashi da munka doshi kwanar, sai ga mu mun wuce. Na yi hamdala da ƙarfi har matar da ke gefena ta dube ni.

Kawu ya ce rubutu ne. Bawa ya ce fulogi ne, sai yanzu sunka zauna. Kowa ya ɗauki ladanshi ya tafi. Ni ban damu ba, ko wane ne Allah ya saka mishi. Na ce da Inno ta warke. Ta ce madalla, ta ci tuwo kaɗan.

Litinin, 12 ga Azumi, bayan la'asar

Ƙarya na faɗa wa Inno.

Yau rana ta fito da fushinta, kwalta har walƙiya take yi. Ba mu ma kai kwanar ba ta fara, kuma yau mutuwa ta yi ɗungurungum. Ayari ya yi gaba. Masu rakiya sunka dawo suna yi mini tsawa, fasinja sunka rarrabu cikin wasu motoci a guje, wata ta bar buhunta. Na zauna ina murza makulli, ina kallon dajin nan, dajin na kallona. Da ta ga dama ta tashi.

Ciyaman na tasha ya kira ni gefe. Ya ce yana jin tausayin gidanmu, amma mota guda in ta tsaya rayukan mutane da yawa ta tsayar. In ta sake, ba ni ba ayari. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya fi ba ni haushi.

Talata, 13 ga Azumi, bayan asuba

Ba kira. Ban yi barcin kirki ba.

Talata dai, da la'asar

Na zauna na yi tunani kamar yadda nake sa ɗalibai su yi. Yaushe take yi, yaushe ba ta yi?

Gaban Bawa ba ta yi, kuma kullum da sanyin safiya nake kai mishi, a inuwa. In za mu dawo daga Isa da yamma ta wannan kwanar muke bi, ba ta taɓa yi ba. Wane irin asiri ne yake tare mai zuwa ya ƙyale mai dawowa? Ranar hadari ba ta yi ba. Ranar da rana ta fi zafi tun kafin kwanar ta mutu. Ayari kuwa ba ya tashi sai an duba hanya, hantsi ya yi sosai, kullum rana na tsaka muke isa marken nan.

Ba wurin take ji ba. Zafi take ji.

Laraba, 14 ga Azumi, bayan azahar

Na gwada. Rana na tsaka na shiga da ita filin ƙwallo na bayan firamare, inda ba marke, ba daji, sai awaki. Na yi ta zagayawa kamar mahaukaci, mutane na leƙowa daga zaure. Can sai ga shi: tuf, tuf-tuf. Wallahi ban taɓa jin daɗin lalacewar abu kamar yau ba. Na buga sitiyari na ce, yauwa 'yar nema, yi!

Da zafinta na nufi gareji. Bawa na kwance bisa benci, ya rufe fuska da hula. Ya ce ba ya taɓa injin da tsakar rana da azumi a bakinshi, in dawo da safe. Da safe! Na ce Bawa, da safe ai lafiyarta ƙalau, abin da nake faɗa maka ke nan. Ya ce, "To ka gani." Ya mayar da hularshi.

Na tafi kafin in ɓata azumina.

Alhamis, 15 ga Azumi, bayan shan ruwa

Wannan kam sai na rubuta shi.

Da yamma ina cika gora a randar tsakar gida, Saude na tankaɗe. Tun da abin nan ya faru ba ta yi mini tsiyar da ta saba ba, da can ko wucewa na yi sai ta ce ga tuzurun malamai. Yau sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Gora guda kake ɗauka? Shi ya sa take fushi da kai. Yayanka biyu shike cikawa, kuma sai na randa, mai sanyi. Shi kan ce guda tawa, guda ta Tsohuwa."

Na ce ta lagireto ke nan, inda ake zuba ruwan sanyaya injin.

Ta ce ita ba ta san lagireto ba. Ta dai san tun bazarar bara ya yage mata gefen tsohon zanenta mai ruwan ganye, ya ce Tsohuwa na son rawani. Kullum kafin ya fita sai ya ɗaga bonet ya jiƙa shi.

Na ajiye gorar. Na ce zane mai ruwan ganye? Ta ce eh, mi ya faru? Na ce ba komi.

Zanen Saude Kawu ya ƙona. Ya yi mishi a'uziyya, ya ɗauke shi da sanda, ya ƙona, ya hana a faɗa wa mutum guda a gidan nan da ta san ko mene ne. Ni kuma ina tsaye ina riƙe mishi ashana.

Juma'a, 16 ga Azumi, bayan masallaci

A ƙofar masallaci na tare Bawa, ban bari ya sa takalmi ba. Na ce mene ne baƙin gwangwanin nan na gefen injin? Ya ce koyil, shi ke ba fulogi wuta. Na ce in ya yi zafi fa? Ya ce in ya tsufa, zafi na sa wutarshi ta yanke. Yana faɗa sai bakinshi ya tsaya a buɗe.

Ya ce, "La ilaha illallahu. Kassimu bai canja shi ba?"

Ashe tun bara Bawa ya ce da Yaya koyil ɗin nan ya gama aiki. Shi ya nuna mishi dabarar jiƙaƙƙen tsumma, wai ya lallaɓa kafin ya je Sakkwato ya sayo sabo. Da na kawo motar ya ga babu tsumma, sai ya ɗauka an canja, bai ko taɓa wurin ba.

Na ce kai da ka san wannan, ka zauna kana kallona kamar matsoraci?

Ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Wallahi hankalina bai kai ba."

Haƙuri. Kowa haƙuri yake ba ni, kamar shi za ni zuba a tanki.

Babu irin koyil ɗin a Sabon Birni, babu a Isa. Bawa ya yi waya Sakkwato.

Asabar, 17 ga Azumi, da la'asar

Na roƙi Saude ragowar zanen. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta yaga ta ba ni. Na naɗe koyil, na rufe kan wayoyin da leda kamar yadda Bawa ya ce, na jiƙa sharkaf, na bi ayari ba fasinja.

Tana gudu kamar sabuwa. Na wuce gonaki, na wuce gada, ba tari. Har na fara murmushi. Ina hango marke sai ta ɗan ja. Na lallaɓa ta har Isa, na ɗaga bonet: tsumma ya bushe ƙamas.

Daga gida zuwa Kwanar Marke, iyakar abin da jiƙo guda yake kaiwa ke nan.

Na daɗe tsaye a tashar. Bonet a ɗage. Gorar ruwa a ƙasa.

Ba tare Yaya anka yi yana gudu ba. Shi ya tsaya, ya bar ayari ya wuce, don ya shayar da tsumma.

Lahadi, 18 ga Azumi, da hantsi

Koyil, Yaya. Koyil! Abin da bai kai gwangwanin madara ba. Shekara guda kana zuwa Sakkwato, kana sayo wa yara takalma, kana sayo wa Inno dabino, ba ka taɓa tsayawa layin 'yan kayan mota ba? Na san abin da ka riƙa cewa, kamar ina jin ka: tsumma na aiki, a bari sai wani zuwa. Haka kake tun muna yara, ƙofar ɗakinka da igiya ka ɗaure ta har ka yi aure.

Allah ya dawo da kai lafiya. Ina da magana da kai.

Talata, 20 ga Azumi, bayan la'asar

Koyil ya iso, ba irinshi ba ne. Bakin wayar bai shiga. An mayar.

Ba kira.

Alhamis, 22 ga Azumi, bayan azahar

Inno ta faɗi a bakin murhu. Azumi take yi a wannan zafi, kuma in an sha ruwa ba ta cin abin kirki. Maƙwabciyarmu Naja'atu, mai aiki a asibiti, ta zo ta sa mata ƙarin ruwa, ta rataye ledar a ƙusar da ke jikin bango.

Kawu ya zo dubiya. A zaure na faɗa mishi abin da ya ƙona. Ya ce ko ma dai mene ne, rigakafi ya yi. Na ce Kawu, rigakafinka ya kusa sa a ɗauke ni ni ma. Ban taɓa ɗaga mishi murya ba sai yau. Ya dube ni, ya fiddo wayar nan daga aljihu, ya ce in ina ganin na fi shi iyawa in karɓa in riƙa amsa su. Ban karɓa ba.

Juma'a, 23 ga Azumi, da yamma

An kira. Talata, rana tsaka, gindin marke. Mutum guda, mota guda, ba ayari, ba masu rakiya.

Rana tsaka. Da sun san halin motar nan da ba su zaɓi lokacin da ya fi wannan ba. Zuwa, jiƙo guda zai kai ni. To can fa? In tsaya in ɗaga bonet a gabansu, a inda ya ɗaga nashi? Sannan in sake tsayawa a hanyar dawowa?

Sakkwato sun ce mai kawo kaya bai samu hanya ba.

Asabar, 24 ga Azumi, da hantsi

Ina zaune gefen Inno ina yi mata fifita, Naja'atu ta sa mata leda ta biyu. Ba abin da nake yi sai kallon ruwan nan yana sauka, ɗis, ɗis, ɗis, ta cikin siririyar roba. Sai na miƙe tsaye har Inno ta firgita.

Na ce Naja'atu, in kin cire robar nan kada ki yar. Ta ce ta mece ce? Na ce akwai wata marar lafiya a waje.

Lahadi, 25 ga Azumi, bayan azahar

Bawa ya yi mini aiki da tsakar rana, da azumi a bakinshi, ban ma roƙe shi ba. Mun huda murfin babbar gora, mun cusa robar, mun liƙe da gam. Ya zare wata roba a bangon da ke tsakanin injin da direba, ya zura robar Naja'atu ta ramin har kan tsumma, ya ɗaure da waya. Gorar mun rataye ta kife a mariƙin hannu na saman ƙofar fasinja, don sai ta fi koyil tsawo ruwan ke sauka. Ɗan abin murzawar nan na Naja'atu shi ke ƙara ɗigo ko ragewa.

Mun yi ta zagaya filin ƙwallo har awaki sunka gaji da mu. Ko tari guda. 'Yan gareji na dariya wai Malam ya kwantar da mota asibiti. Su yi.

Da zai tafi Bawa ya ce, "In bi ka?" Na ce mutum guda sunka ce. Ya ce to Allah shi kai ka shi maido ka. Na ce amin. Ban gama yafe mishi ba, amma na ce amin.

Litinin, 26 ga Azumi, bayan shan ruwa

Saude ta cika jarka daga randa, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ta ce, "Wannan ta yayanka ce." Ta cika gorar, ta ce, "Wannan ta Tsohuwa."

Talata, 27 ga Azumi, bayan magariba

Ban kashe injin ba. Na tsaya gindin marken, na bar ta tana aiki, ruwa na ɗiga.

Ba za ni rubuta kamanninsu ba. Yara ne, shi ne kawai abin da za ni ce, wasunsu ba su kai ɗalibaina ba. Sun buɗe but, sun ɗauki jarkar Saude. Guda ya leƙo ta taga, ya ga gora a rataye da roba ta shige cikin injin, ya nuna da baki ya ce mi ne wanga? Na ce maganin mota ne. Ya ja da baya da sauri, ya tofa yawu gefe, bai taɓa ba. Ashe ba Kawu kaɗai ba ne.

Sannan sunka fito da shi. Ba shi kaɗai ba, da wani dattijo da wata mata. Da farko dattijon na ɗauka shi ne. Yaya ne na bayan, wanda wandonshi ke ɗaure da igiya, ba takalmi. Bai dube ni ba. Ya buɗe ƙofar gaba ya zauna, waɗancan biyun sunka shiga baya, na juya kan mota.

Ina tuƙi ina kallon madubi, ina kallon ɗigo. Mun yi nisa kaɗan sai na ga ya karkata kai yana sauraren injin, kamar yadda yake yi tun da. Ya bi robar da ido tun daga gora har inda ta shige. Maganar farko da ya yi mini ke nan, da wata murya kamar ana jan buhu a ƙasa:

"Wa ya kwance mini tsummana?"

Na ce Kawu. Ya ƙone shi, wai asiri ne.

Kafaɗunshi sunka motsa. Ban san ko dariya ce ba.

A ramin da ke gaban gada igiyar da munka rataye gorar da ita ta tsinke. Gorar ta faɗo bisa cinyarshi, ɗigo ya tsaya. Kafin in ce wani abu ya ɗauke ta ya ɗaga sama, kife, kamar mai jinya a asibitin da babu ƙusa. Hannun nan duk ƙashi ne. Leɓɓanshi sun tsage har da busasshen jini, ruwa na kaɗawa a gora daidai fuskarshi, ruwan randar gidanshi.

Na ce Yaya, sha. Azumi bai hau kanka ba. Sha ko kaɗan ne.

Ya dubi gorar, ya dubi hanyar da ta rage. Ya ce, "Nata ne."

Na ce wallahi in ba ka sha ba za ni tsaya.

Ya ce, "Kada ka tsaya, Hafizu." Sai a nan ya dube ni. "Ko mi ta yi, kada ka tsaya."

Ban tsaya ba. Haka ya riƙe ta har Sabon Birni, in hannu guda ya gaji ya tallafe shi da ɗayan. Ko tari guda ba ta yi ba. Ni ne nake ganin hanya dishi-dishi, ina share ido da kafaɗa.

Da munka tsaya ƙofar gida saura ɗan ruwa a wuyan gora, hannunshi kuma ya ƙage a sama, ya ƙi saukowa. Saude ce ta zo ta ɓamɓare yatsunshi guda-guda, ta cire murfin, ta kafa mishi a baki.

Inno ta fito tana dafa bango. Ba ta dube shi ba. Ta wuce shi, ta ɗora tafin hannunta bisa bonet mai zafin nan, ta bar shi a wurin. Ta ce da ni, "Ta warke?"

Na ce ta warke, Inno.

Sai ta zauna nan ƙasa, a gindin taya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Laraba, 28 ga Azumi, da hantsi

Koyil ya iso daga Sakkwato. Irinshi ne.

Yaya na barci. Na ajiye mishi a gefen filo, inda zai fara gani in ya buɗe ido. Ban ce komi ba tukuna, sai ya ɗan yi ƙiba. Amma wallahi za ni faɗa.